Rabonmu na Jinga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ka da abokan zama nagari. Ummanka za ta sa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli. Kada ka karanta ta a mota, bari sai ka huta.

Da baki ya kamata in gaya maka abin da ke cikinta, amma kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, wanda garin nan ke kira Malam. In na ɗaga ido zan yi maka doguwar magana, sai in ji kamar Baba nake yi wa rashin kunya. Ka kuma san halina: abin da ban rubuta ba ban cika yarda da shi ba, wanda na rubuta ɗin ma sai na yi ta kokwanto. Na yaga wasu kafin wannan.

Ka gama sakandare, ga ka za ka kwaleji. Na ji kana gaya wa abokanka a ƙofar gida cewa bauta ta ƙare, ba ƙararrawa, ba bulala, ba noman filin ƙwallo. Haka ni ma na faɗa a lokacina. Ka san na shiga kwalejin horar da malamai na fito ba takarda. A gari wasu na cewa rashin hali ne ya dawo da ni, wasu su ce ba rabo. Ba rashin hali ba ne, ba kuma ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Jinga ce ta dawo da ni gida, ko in ce ni na kawo mata kaina.

Ka san yadda muke yi a nan, amma a wurinka har yanzu jinga wasa ce ta ɗaukar buhu da shan kunu a bakin kogi. Bari in faɗa maka nauyinta. Duk wanda ke noma gona a bakin kogi, tudun ƙasar nan da ke tare ruwa, daidai faɗin gonarsa, rabonsa ne. In ruwa ya taso, mai unguwa ya sa a yi shela, kowane gida ya fito da namiji ya tsaya a kan rabonsa: a cika buhu da ƙasa, a danne, a toshe ramin gafiya. In ruwa ya ɓalle ta wajenka, ba gonarka kaɗai za ta tafi ba, har ta maƙwabta, kuma da sunan gidanku za a riƙa kiran wannan ambaliya. Har yau ana cewa shekarar ruwan gidan Tanko, alhali Tanko ya daɗe a ƙasa.

Lokacin da nake makarantar kwana a Haɗeja, muna da wani malami, Malam Bukar, shi ke riƙe da izinin fita. Dogo ne, ba ya dariya sai in zai hana ka abu. Wata damina, ina aji huɗu, aka aiko wana, Yaya Sale, ya ɗauko ni. Ya iso a keke, laka har gwiwa. Aka kira ni ƙarƙashin dalbejiya ina tsaye ina jin su.

Yaya Sale ya ce, "Malam, Baba ne ya ce a ba mu Habu. Ruwa ya kusa kan jinga."

Malam Bukar ya dube shi daga hula har silifa, ya ce, "Habu ne ya kira ruwan?"

"A'a, Malam."

"To in ya je, ruwan zai gan shi ya ji kunya ya koma?"

"Ai Malam, hannu da yawa maganin ƙazamar miya."

"To ku je ku sha miyarku. Wannan hannun alƙalami aka kawo mana ya riƙe. Ka gaida tsoho, ka ce Bukar ne ya hana. In zagi ne a aiko mini, ina da wurin ajiya."

Na yi hawaye a gaban Yaya Sale, ya ga ina son zuwa. Yana juya keke aka kaɗa ƙararrawar abinci, na je na cinye gabzata har da suɗe kwano. Da na koma hutu ba wanda ya ce mini uffan. Baba dai ya riƙa cewa, "Wancan malamin naku mai kan dutse." Laifin duk ya tafi can, ni kuwa na zauna a matsayin yaron kirki da aka tsare.

Kuskurena na farko ke nan, kuma ban gane shi ba sai da furfura ta fara fito mini. Na fita daga sakandare ina zaton ni mai naci ne, mai tashi da asuba, mai zuwa aji, mai sallah a kan lokaci. Ashe ba ɗaya da yake nawa. Ƙararrawa ce ke tashi na, firifet ke kora ni masallaci, Malam Bukar ke cewa a'a a madadina. Shekarun nan duka ban taɓa buɗe baki na ce wa nawa a'a ba, an yi mini ne. Kai ma haka aka yi maka, Abba. Sakamakonka ya yi kyau, na yi murna, amma kada ka ɗauka duka naka ne. Rabinsa na katanga ne da mai gadi. Inda za ka, ƙofa a buɗe take safe da yamma, ba mai tambayar ka ina za ka. Ka fara zama da kanka ka tantance abin da za ka iya yi in ba mai kallo. Ni ban yi ba.

Da rani na shiga kwaleji. Satin farko na yi ta kasa kunne in ji an kaɗa wani abu, shiru. Ka je aji, ka ƙi zuwa, ka dafa, ka kwana da yunwa, duk ruwanka. A sakandare malamai sun san sunana, sun san na ƙauyenmu, har tsokana ta suke yi da ɗan fadama. A kwaleji lamba aka ba ni. Ajin ya cika maƙil, wasu a taga suke jin darasi.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo ta hannun wani direba cewa an fara yankan alkama. Na zaga ko'ina ina neman wanda zan roƙa izini, ban samu ba, sai na hau mota. Da na dawo, na shirya uzurina tsaf tun a hanya, na tafi ofishin malamin da ke koya mana lissafi, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na zo ba da haƙuri ne. Kwanakin nan ban samu zuwa aji ba."

Bai ko ɗago daga takardun da yake dubawa ba. Ya ce, "Wane aji?"

Na faɗa masa.

"To, Allah ya kyauta. Ja mini ƙofar."

Na fito ina murmushi. Abokin ɗakina Gambo, ɗan masunta ne daga wajen Guri, baki gare shi kamar reza. Da na ba shi labari sai ya ajiye cokali ya ce, "Kai ɗan shinkafa, murna kake yi? Wanda ya zage ka ai ya san da zamanka. Wannan ko sunanka bai tambaya ba."

Na ce hassada ce ke damun sa, ɗan tarwaɗa kawai.

Kuskure na biyu ke nan: na ɗauki shiru a matsayin yafiya. A sakandare in ka yi laifi da safe, kafin azahar ka sha bulalarka an wuce wurin. A kwaleji ba mai dukan ka, ba mai yi maka faɗa, sai ƙarshen zango a manna takarda a allo ka je ka karanta hukuncinka a tsaye cikin mutane. In ka ga ka yi fashin aji ba wanda ya kula, kada ka ji daɗi, ka ji tsoro.

Daga nan hanya ta buɗe. Aka san a gida cewa Habu yana samuwa. Gyaran injin ban-ruwa, Habu. Tsuntsayen jan-baki sun sauka a gona ana neman mai kora, Habu. Ba wanda ya tilasta mini. Ni ma ban taɓa zama na ce yau na bar karatu ba. Kaɗan-kaɗan abin ya tafi, yadda ruwa ke cin gindin jinga ta ƙasa, sama tana nan lafiya lau a ido.

Sai babban ruwa ya zo, daidai lokacin da ake shirin gwaji, jarrabawa kuma na biye. Direban nan ya same ni a bakin ƙofar kwaleji ya ce, "Tsohonka ya ce in gaya maka suna lafiya. Ruwa dai yana ta hauhawa, Sale kuma ƙafa ta kwantar da shi, amma ya ce kada ka damu, ka yi karatunka."

Na koma ɗaki na fara naɗe kaya. Gambo yana kwance yana kallo na.

Ya ce, "Ba cewa ya yi kada ka damu ba?"

Na ce, "Ai ka san abin da ake nufi."

"Na sani mana. Nawa tsohon ma ya aiko da irinta, wai kwale-kwale ya tsage amma kada in damu. Na aika masa da addu'a mai kyau."

"Kai dai ba ka da kunya, Gambo."

"Ina da ita. Na bar ta a gida wurin Inna, sai na karɓi takarda in je in ɗauko."

Na tafi. Kuma zan gaya maka abin da ya fi ba ni haushi da kaina: na ji daɗi. Ina sauka na tuɓe riga na shiga laka, tsofaffi suka riƙa nuna ni suna cewa, "Ku ga ɗan Malam, boko bai ɓata shi ba." Mata suna aiko da kunu suna cewa a fara ba ɗan kwaleji. Baba kuwa na ga yadda ya gyara tsayuwa a cikin sa'o'insa. A can ni lamba ne a bayan aji, ba na ma gane rabin abin da ake faɗa saboda fashin da na tara. A nan kuwa ni wani ne. Ruwa ya datse hanya, gaskiya ne, amma kullum ana fiton mutane a kwale-kwale zuwa bakin titi. Da na so komawa da na koma. Na ce wa kaina sai ruwa ya ja.

Rabonmu bai ɓalle ba. Can sama da mu ruwan ya ɓalle, wata rana bayan azahar, rana tsaka, muna tsaye a kan buhunanmu muna kallo ya zagayo ta baya ya shafe shinkafar kowa, tamu da ta waɗanda suka tsaya da ta waɗanda ba su zo ba. Abin da na tsira da shi kawai, ba a kira shekarar da sunan gidanmu ba.

Kuskure na uku: na sayar da abin da zai daɗe don yabon yini ɗaya. Ka kiyayi wurin da ake yabon ka a lokacin da karatu ya yi maka tsauri, don ƙafarka can za ta riƙa ja. Za ka shiga aji ka ji wasu 'yan birni na zuba Turanci, ka ji kanka ƙarami. Wannan jin ba ya kisa. Ka zauna a cikinsa. Hannunka biyu ba za su mayar da kogin Haɗeja baya ba, amma za su iya rubuta jarrabawa.

Da na koma, an yi gwaji an yi jarrabawa. Na je allo na ga lambata, gabanta fayau. Na tafi ofishin shugaban sashe, na tsaya a bakin ƙofa, ina jin muryarsa a ciki yana dariya da wani. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ce me zan ce masa? A sakandare malami ke neman ka. In ka yi shiru kwana biyu, sai an kira ka an ce lafiya? Na saba da a neme ni, ban iya neman kowa ba. Na sauke hannuna, na koma ɗaki, na ɗaure katifa. Gambo ya tafi aji, ban jira shi ba.

Bayan shekaru muka haɗu a kasuwar Jahun, shi yana koyarwa, ni na kai shinkafa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Habu, wallahi ka cuce ni da ka tafi ba sallama. Ka san wasu da ruwa ya tsare sun je sun yi bayani, an bar su sun jingine zangon sun maimaita? Ƙofar nan da ka tsaya a bakinta, turawa kawai ake yi." Na yi dariya na ce rabo ne. A mota ina dawowa na yi ta juya maganarsa.

Don haka in abu ya kwaɓe maka, ka je ka faɗa tun da wuri, ko muryarka na rawa. In an kore ka daga ofis ɗaya ka shiga na gaba. Kunya ado ce a gida, a can kuwa ba mai ganin ta balle ya saya.

Ba zan ruɗe ka ba, Abba. Ban ce in ka gama akwai aiki yana jiran ka ba. In na shiga Haɗeja, masu Keke Napep da ke ɗauka ta da yawa suna da takardar da ni na rasa. Gambo ma ba wani daɗi yake ji ba. Wani lokaci sai in ce wataƙila duk wannan baƙin ciki da na ɗauka a kan abin banza ne. Amma nan ɗin ma me ya rage? Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, inda muke kama kifi muna yara yanzu ciyawa ce ta fi mutum tsawo, jan-baki na kwana a ciki su tashi su cinye abin da ambaliya ta bari. Kusan kowace damina jinga sai ta ƙara tsawo, mu kuma muna ƙara gajarta. Ban san ko ƙofar da na tura ka za ta kai ka wani wuri ba. Na dai san wannan da nake ciki ba ta zuwa ko'ina.

Naka kuma ya fi nawa wuya. Ni sai direba ya zo kafin in ji labari. Kai waya na aljihunka. Kana zaune a aji za a turo maka hoton ruwa yana lasar buhuna, ka ga gonar kakanka, ka ga ni a tsaye a kai da wannan bayan nawa da ba ya miƙewa. Yaya Sale ya rasu. Ƙannenka duk mata ne. Kowa a garin nan ya iya wannan lissafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa ya tare ni a gaban mutane ya ce, "Malam Habu, mun ji mai sunan Malam zai tafi kwaleji, Allah ya sa albarka. Amma in an yi shela zai leƙo mu ko? Ai can ba kamar makarantar kwana ba ce, ba a tsare su."

Ka san abin da ubanka ya ce? Bayan duk abin da na rubuta maka a sama? Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Na dawo gida na zauna a zaure na rasa inda zan sa kaina. A nan na tabbatar ba zan iya amincewa da kaina ba. Yau ina iya rubuta maka kada ka zo. Amma ran da ruwa ya kai kan buhu na ƙarshe, maƙwabta na kallon rabonmu suna kallo na, na san zan ɗauki waya. Ba zan ce ka zo ba. Zan ce muna lafiya, kada ka damu, ka yi karatunka. Kai kuma ɗan halak ne, za ka naɗe kaya.

Saboda haka jiya da safe na je wurin maƙwabcinmu Malam Idi, mai 'ya'ya mazan nan, na ba shi aron gonar bakin kogi a gaban mai unguwa da liman, har sai ka gama. Wanda ke noma gona shi ke da jingarta. Yanzu gidanmu ba shi da rabo, in an yi shela ba da mu ake ba. Mai unguwa ya ce, "Habu, gonar Malam fa?" Na ce ita. Ya girgiza kai.

Ummanka ta yi kuka, ta ce shinkafar da muke ci fa, na ce akwai gonar tudu, gero ma abinci ne. Ta ce aron gona a fadama shiga gare shi, ba shi da fita, kuma ta fi ni gaskiya, na ga yadda irinsa ke ƙarewa. Ban sani ba ko daidai na yi. Wataƙila wannan ne kuskure na gaba, wanda ba ni da sauran shekarun da zan gyara. Ban kuma gaya maka don in ɗora maka nauyi ba, ko da yake na san nauyin ne. Na gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani, kuma don in wani ya kira ka ya ce ruwa ya zo, ka san ba abin da ya rage a nan da za ka zo tsarewa.

In ka dawo hutu ka bi ta bakin kogi, za ka ga wasu a cikin gonar. Ka yi musu sallama, ka ce Allah ya ba da yabanya, ka wuce.

Allah ya tsare min kai a zaune da tafe. Ya tashe ka da asuba inda ba mai tashin ka, ya buɗe maka baki inda nawa ya rufe, ya kare ka daga ciwo da mugun aboki da tausayin da ba shi da amfani. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka kira, ka tambaye ni lafiyar jiki, kada ka tambaye ni ruwa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu